Tarihin Harshen Rust: Ƙira, Kayan Aiki da Alƙawarin Ɗorewa

Harshen shirya manhaja tsari ne na kalmomi da ƙa'idoji da ɗan Adam ke rubuta wa kwamfuta umarni da shi, kuma rubutun da aka yi, wanda masu sana'ar ke kira kod, ba ya aiki sai wata manhaja ta musamman ta juya shi zuwa lambobin da injin ke ganewa, wadda za a kira ta tafinta a wannan bayani. A cikin waɗannan harsuna akwai rukunin da ake aza harsashin komai da shi, kamar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko waya, da burauzar shiga intanet, da rumbunan bayanai, da ƙananan na'urorin da ke cikin mota ko jirgi, kuma ana buƙatar irin wannan harshe ya zama mai sauri, ya kuma ba mai rubutu cikakken iko a kan ma'adana, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanai yayin da take aiki. Tarihin harshen Rust, tun daga 2006 da aka fara shi har zuwa lokacin da ya shiga ƙwayar babbar manhajar Linux, yana nuna yadda ƙirar harshe da kayan aikin da ke kewaye da shi suke tafiya tare, domin tsauraran ƙa'idojinsa ba su samu karɓuwa ba sai da aka gina kayan da suka sa mutane suka iya zama da su.

Gadon C da C++

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a cibiyar binciken Bell da ke Amurka a farkon shekarun 1970, kuma a 1973 aka sake rubuta ƙwayar Unix da shi, abin da ya tabbatar da cewa ana iya gina babbar manhaja da harshen da bai ta'allaƙa da nau'in inji guda ba. Bjarne Stroustrup ya fara faɗaɗa harshen a 1979, aikin da ya haifar da C++, wanda ya fita kasuwa a 1985, kuma harsunan biyu suka mamaye wannan fanni na tsawon shekaru masu yawa. Ƙarfinsu da rauninsu duka daga tushe ɗaya suke, wato manuni, wanda lamba ce da ke nuna wurin da wani bayani yake a ma'adana, kuma nauyin tunawa da lokacin da za a nemi wuri da lokacin da za a sake shi yana wuyan mai rubutu. Idan ya saki wuri sannan ya ci gaba da amfani da manuninsa, ko ya sake shi sau biyu, ko ya rubuta bayani ya wuce iyakar da aka keɓe masa, tafinta ba zai ce masa komai ba, manhajar kuwa tana iya faɗuwa, ko kuma ta buɗe wa masu kutse ƙofa.

Illar hakan ta daɗe da bayyana, domin tsutsar Morris da ta bazu a intanet a watan Nuwamba 1988 ta yi amfani da irin wannan wuce iyaka, haka kuma ɓarakar Heartbleed da aka gano a OpenSSL a watan Afrilu 2014 ta samo asali ne daga karanta ma'adana fiye da inda ya kamata a tsaya. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara daga matsalar ma'adana suke, kuma masu kula da Chromium na Google sun ba da adadi makamancin wannan a 2020. Maganin da harsuna irin su Java da Go suka ɗauka shi ne mai kwashe shara, wato wani sashe da ke aiki tare da manhajar yana neman wuraren da aka daina amfani da su yana sakinsu, sai dai wannan sashe yana cin ma'adana, yana kuma iya dakatar da aiki a lokacin da ba a zata ba, abin da maginan ƙwayar babbar manhaja ko ƙaramar na'ura ba sa iya lamunta. Masu bincike sun nemi hanya ta uku, kuma mafi kusa da ita shi ne harshen Cyclone, wanda cibiyar binciken AT&T da Jami'ar Cornell suka yi aiki a kansa a farkon shekarun 2000, inda aka raba ma'adana zuwa yankuna masu wa'adi domin tafinta ya iya tabbatar da cewa babu manunin da ya wuce rayuwar abin da yake nunawa.

Farkon aiki a Mozilla

Graydon Hoare, ma'aikacin Mozilla, ya fara Rust a 2006 a matsayin aikin kansa, Mozilla ta fara ɗaukar nauyinsa a 2009, aka kuma sanar da shi ga jama'a a 2010. Sha'awar kamfanin tana da dalili bayyananne, domin burauzarsa ta Firefox miliyoyin layuka ce ta C++, tana karɓar bayanai daga shafukan da ba a san masu su ba, kuma ta zo zamanin da kwamfutoci ke da ƙwaƙwalwar sarrafawa fiye da ɗaya, alhali raba aiki tsakanin zaruruwa, wato hanyoyin aiki da ke gudana a lokaci guda cikin manhaja ɗaya, abu ne mai haɗari a C++. An rubuta tafinta na farko da harshen OCaml, daga baya aka rubuta sabo mai suna rustc da Rust ɗin kansa, wanda ya yi nasarar fassara kansa a 2011, sannan siga ta 0.1 ta fito a watan Janairu 2012.

Shawara mafi nauyi da aka yanke a wannan mataki ita ce ɗora sabon tafinta a kan LLVM, wani tsari da Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, wanda ke karɓar kod a wata siffa ta tsaka-tsaki, ya tace shi, ya kuma fitar da lambobin inji ga nau'o'in kwamfuta daban-daban. Da wannan zaɓi Rust ya gaji aikin shekaru na wasu, ya samu saurin da ke kusa da na C tun yana ƙarami, amma ya gaji jinkirin fassara, ya kuma taƙaita ga injunan da LLVM ya sani. A 2012 Mozilla ta fara Servo, sabon injin burauza da ake rubutawa da Rust, kamfanin Samsung ya shigo aikin a 2013, kuma wannan ya zama ma'aunin harshen, domin duk wata dabara da ta yi kyau a takarda sai ta fuskanci mutanen da ke gina babbar manhaja da ita kullum.

Shekarun ragewa

Rust na 2012 ya bambanta ƙwarai da wanda aka sani a yau, kuma yawancin tarihinsa tsakanin 2012 da 2015 tarihi ne na cire abubuwa. An cire wani tsari mai suna typestate, wanda ke bibiyar halin da kowane bayani yake ciki a kowane layi, a siga ta 0.4, saboda amfaninsa bai kai wahalarsa ba, kuma a lokacin ne aka watsar da tsarin azuzuwa irin na Java da aka shigar watanni kaɗan kafin nan. A wancan lokaci harshen yana da manuni iri uku, kowanne da alamarsa: alamar @ ga abin da ake son mai kwashe shara ya kula da shi, alamar ~ ga abin da ke da mai shi guda ɗaya, da alamar & ga abin da aka ara. A 2013 Patrick Walton ya kawo hujjar cewa a fitar da kwashe shara daga jikin harshen, domin gogewa ta nuna cewa mallaka da aro sun wadatar a mafi yawan lokuta, kuma kafin 2015 alamomin biyu na farko sun ɓace, aka mayar da aikinsu cikin taskar kod da ke zuwa tare da harshen. A 2014 aka cire zaruruwa marasa nauyi da harshen ke tafiyarwa da kansa, saboda suna tilasta wa kowace manhaja ɗaukar wani sashe mai aiki a ƙarƙashinta, kuma cire su ne ya ba da damar saka kod na Rust cikin manhajar C ba tare da wani shiri ba. Hoare ya sauka daga jagoranci a 2013, aikin ya koma hannun tawaga da ta haɗa da Brian Anderson da Niko Matsakis da Walton, daga baya kuma Aaron Turon da Alex Crichton.

Abin da ya saura bayan wannan tankaɗe shi ne tsarin mallaka da aro. Kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya, kuma da zarar mai shi ya fita daga sashen kod da yake raye a ciki, tafinta zai saka umarnin sakin wurin da kansa. Ana iya miƙa mallaka ga wani, amma daga nan mai shi na farko ya rasa ikon taɓa abin. Ana kuma iya ba da aro ta hanya biyu, ko dai ga masu karatu da yawa waɗanda ba su da ikon canza komai, ko ga mutum ɗaya tak mai ikon canzawa, kuma ba a haɗa nau'o'in biyu a lokaci guda. Tsarin ya yi kama da aron gona, inda mai ita ke ba manomi ɗaya ya noma ta zuwa wani wa'adi, kuma ba ya sayar da ita ko ya ba wani sai aron ya ƙare. Sashen tafinta da ke tabbatar da waɗannan ƙa'idoji shi ne mai binciken aro, wanda ke yin aikinsa gaba ɗaya a lokacin fassara, don haka manhajar da ta fito ba ta ɗauke da wani ƙarin nauyi, kuma ƙa'idar da ta hana amfani da wurin da aka saki ita ce dai ta hana zaruruwa biyu rubutu a wuri ɗaya a lokaci guda. Inda dole ne a yi magana da injin kai tsaye, an tanadi kalmar unsafe, wadda ke keɓe sashen da mai rubutu ya ɗauki alhakin lafiyarsa, ta yadda mai duba kod zai san inda zai zuba ido.

Wani abu da ya faru a watan Afrilu 2015, makonni kaɗan kafin fitar da siga ta 1.0, ya nuna irin tsananin da ke cikin wannan alƙawari. An gano cewa wata hanyar buɗe zaruruwa da ke cikin taskar harshen ta dogara da zaton cewa umarnin sakin wuri zai gudana ko ta halin ƙaƙa, alhali ana iya hana shi gudana ta hanyar haɗa bayanai biyu su riƙe juna, ba tare da amfani da kalmar unsafe ba. Tawagar ta janye wannan hanya, ta kuma bayyana a fili cewa harshen bai yi alƙawarin hana yoyon ma'adana ba, abin da ya ɗauka shi ne hana amfani da ita ta hanyar da ba ta halatta ba, kuma ingantacciyar hanyar da ta maye gurbin wadda aka janye ba ta shiga taskar ba sai a siga ta 1.63 a 2022.

Cargo da tsarin fitarwa

Masu rubutu da C da C++ sun daɗe ba su da hanya ɗaya ta gina manhaja ko ɗauko kod na wasu, kowane aiki da nasa tsarin, abin da ya sa mutane da yawa suka gwammace sake rubuta abin da wani ya riga ya rubuta. Mozilla ta ɗauko Yehuda Katz da Carl Lerche, waɗanda suka yi aiki a kan Bundler na harshen Ruby, suka fara Cargo a 2014, kuma a ƙarshen shekarar aka buɗe crates.io, rumbun da kowa ke iya ajiye ƙunshin kod domin amfanin jama'a. Mai aiki yana rubuta sunayen ƙunshin da yake buƙata a fayil ɗin Cargo.toml, sai Cargo ya ɗauko su da duk abin da suka dogara da shi, ya rubuta ainihin sigar kowanne a Cargo.lock domin ginin gobe ya yi daidai da na yau, kuma da shi ake fassara da gwaji da fitar da bayanin kod. An tsara rumbun ta yadda mai ƙunshi zai iya janye wata siga daga sababbin masu amfani amma ba zai goge ta daga waɗanda suka riga suka dogara da ita ba, kuma hikimar hakan ta fito fili a watan Maris 2016, lokacin da cire wani ƙaramin ƙunshi mai suna left-pad daga rumbun npm na JavaScript ya tsayar da ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya.

A shekarar 2014 ɗin dai aka kafa tsarin RFC, inda duk wani babban canji sai an rubuta shi a takarda, an bayyana dalilinsa da illarsa da hanyoyin da aka ƙi ɗauka, an kuma tattauna shi a bainar jama'a kafin a amince. Siga ta 1.0 ta fito a ranar 15 ga Mayu 2015 tare da alƙawarin cewa kod da aka fassara da ita zai ci gaba da fassaruwa a sigogi masu zuwa, sannan aka ɗauki tsarin fitar da sabuwar siga kowane mako shida ta matakai uku, wato ta dare wadda ake ginawa kullum kuma ake gwada sababbin abubuwa a cikinta, da ta gwaji, da tabbatacciya. Kayan aiki biyu ne suka riƙe wannan alƙawari. Na farko shi ne bors, wata manhaja da ba ta barin kowane gyara ya shiga tafinta sai ya ci dukan gwaje-gwaje, na biyu kuma Crater, wanda ke fassara ɗimbin ƙunshin da ke crates.io da tsohon tafinta da sabo, ya kuma ba da rahoton duk wanda ya lalace, ta yadda muhawara a kan ko wani canji zai cutar da jama'a ta koma abin da ake aunawa.

Sauƙaƙa wa mai koyo

Bayan 2015 babban ƙorafin jama'a shi ne mai binciken aro yana ƙin kod mai lafiya, kuma saƙonninsa suna da wuyar fahimta. A 2016 aka sake fasalin saƙonnin kuskure bisa koyi da harshen Elm, suka koma nuna ainihin layin, da inda aro ya fara, da inda aka karya shi, sau da yawa har da shawarar gyara. A shekarar ne kuma aka shigar da MIR, wata siffa ta tsaka-tsaki da ke zayyana duk hanyoyin da aiki zai iya bi cikin manhaja, kuma a kanta aka gina sabon mai binciken aro wanda ke ƙare wa'adin aro a wurin da aka yi amfani da shi na ƙarshe, maimakon jiran ƙarshen sashen kod. Wannan gyara ya fito a siga ta 1.31 a watan Disamba 2018, tare da bugun 2018.

Tsarin bugu shi ne amsar da Rust ya ba wata tsohuwar matsala, wato yadda za a canza harshe ba tare da raba jama'arsa biyu ba, darasin da aka koya daga Python, wanda ya fitar da siga ta 3 a 2008 amma bai rufe babin ta 2 ba sai a 2020. A Rust kowane ƙunshi yana bayyana bugun da yake bi, tafinta ɗaya yana fahimtar dukansu, ƙunshin bugun 2015 yana aiki da na 2018 ko 2021 ko 2024 cikin manhaja ɗaya, kuma umarnin cargo fix yana yin mafi yawan gyaran ƙaura da kansa. Ta haka aka keɓe sababbin kalmomi irin su async da await, waɗanda suka tabbata a siga ta 1.39 a watan Nuwamba 2019, suka dawo da ikon tafiyar da ayyuka masu yawa a lokaci guda ba tare da sashen da aka cire a 2014 ba. A ɓangaren manhajojin rubuta kod kuwa, kayan farko mai suna RLS ya dogara da rustc, wanda aka gina domin fassara cikakken kod daga farko zuwa ƙarshe, don haka ya gaza ba da amsa cikin gaggawa ga mai rubutun da kod ɗinsa bai kammala ba. Aleksey Kladov ya fara rust-analyzer a ƙarshen 2017 bisa tsarin sake lissafa abin da ya canza kawai, kuma a 2022 ya maye gurbin RLS a hukumance.

Karɓuwa da abin da ya rage

Kod na Rust ya fara shiga Firefox a siga ta 48 a 2016, sannan a watan Nuwamba 2017 Firefox 57 ta zo da Stylo, sashen lissafin kamannin shafi da aka ɗauko daga Servo, wanda ke raba aiki tsakanin zaruruwa, bayan ƙoƙari biyu na yin haka da C++ sun ci tura. A 2018 aikin RustBelt, ƙarƙashin Derek Dreyer da Ralf Jung a cibiyar Max Planck ta Jamus, ya ba da hujjar lissafi a kan ingancin jigon harshen da wasu sassan taskarsa. Da Mozilla ta sallami ma'aikata kimanin 250 a watan Agusta 2020, ciki har da masu aikin Servo, sai makomar harshen ta zama abin damuwa, kuma a watan Fabrairu 2021 aka kafa Gidauniyar Rust tare da AWS da Google da Huawei da Microsoft da Mozilla. A watan Disamba 2022 ƙwayar Linux 6.1 ta karɓi tallafin farko na Rust bisa aikin da Miguel Ojeda ya jagoranta, sannan Google ta ba da rahoton cewa kason ɓarakar ma'adana a Android ya sauko daga kashi 76 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, bayan ta karkata rubuta sabon kod zuwa harsuna masu kiyaye ma'adana.

Duk da haka akwai bashin da zaɓuɓɓukan farko suka bari. Fassara tana ɗaukar lokaci, musamman saboda tafinta yana fitar da kwafi dabam na kowane aiki na gama-gari ga kowane nau'in bayani da aka yi amfani da shi, kuma umarnin cargo check na 2017 da fassarar abin da ya canza kawai ta 2018 sun rage wahalar ba tare da kawar da ita ba. Harshen ba shi da tabbatacciyar yarjejeniya a kan yadda sassan da aka riga aka fassara za su yi magana da juna, don haka ana komawa ga ta C. Ya kuma daɗe ba shi da cikakken kundin ƙa'ida irin na C, abin da ya sa kamfanin Ferrous Systems na Jamus ya rubuta nasa domin tafintan Ferrocene, wanda ya samu shaidar cancantar aiki a manhajojin motoci a 2023. Sauƙin Cargo shi ma ya zo da nasa haɗarin, domin ƙaramar manhaja tana iya dogara da ɗaruruwan ƙunshi da babu wanda ya duba su duka.

Abin da wannan tarihi ya tabbatar shi ne cewa dabarun mallaka da yankunan ma'adana sun girmi Rust, kuma Cyclone ya riga shi gwada da yawa daga cikinsu amma bai fita daga ɗakin bincike ba. Rust ya yi nasara ne saboda masu shi sun yarda su zubar da aikin shekaru idan ya saɓa wa manufa, sun gwada ƙirarsu a kan manhaja ta gaske tun da wuri, sun kuma ba Cargo da saƙonnin kuskure da gwajin ɗorewa muhimmanci daidai da nahawun harshen. Duk mai niyyar gina sabon harshe na wannan rukuni ya kamata ya sa aikin kayan aiki cikin lissafinsa tun ranar farko, domin da su ne masu sana'a za su auna shi.